Tsatsar ganyen gahawa: me ya sa irin da aka ce yana jure cuta yake kamuwa?

A shekarar 2017 cibiyar kula da gahawa ta ƙasar Honduras ta tabbatar da labarin da manoma suka jima suna kawowa daga gonaki, cewa irin gahawar nan mai suna Lempira, wanda aka raba musu a matsayin mai jure cutar tsatsar ganye, ya fara kamuwa. Abin ya ɗaure wa mutane kai. Bayan annobar tsatsar da ta auka wa yankin Amurka ta Tsakiya a 2012, manoma da yawa sun tuge tsofaffin itatuwansu, sun ci bashi, sun dasa wannan iri, sun yi shekara uku suna jiran ya fara haihuwa. An kuma sami makamancin wannan rahoto a kan wasu ire-iren a Indiya da Brazil da Kosta Rika. Daga nan tambayoyi suka taso: masu bincike ne suka yi kuskure, ko cutar ce ta sauya hali, ko kuwa kalmar “juriya” ce aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta? Kafin a kai ga amsa sai an san yadda cutar take shiga ganye, da inda aka samo juriyar tun farko.

Yadda cutar take aiki a jikin ganye

Wata funfuna ce ke haddasa tsatsar gahawa, masana suna kiranta Hemileia vastatrix. Ba ta rayuwa a ƙasa, ba ta rayuwa a busasshen ganye, kuma har yau ba a gano wata shuka da take fakewa a jikinta ba in ban da gahawa. Ɗanyen ganye mai rai kaɗai ne gidanta.

Alamar farko ɗigo ne mai launin rawaya-rawaya, bai wuce kan allura ba, wanda ba a cika lura da shi ba sai an ɗaga ganyen an duba ta fuskar rana. Bayan ’yan kwanaki ɗigon yana faɗaɗa. Idan aka juya bayan ganyen za a ga gari mai launin ruwan goro ya taru a wurin, a shafa shi da yatsa ya bar shaida kamar an taɓa tsohon ƙarfe. Daga nan sunan ya samo asali, har ma a harsunan ƙasashen da suka fi noman gahawa: masu jin Sifaniyanci suna cewa roya, ’yan Brazil suna cewa ferrugem, duka biyun ma’anarsu tsatsa.

Wannan gari shi ne irin funfunar. Tabo guda yana iya fitar da ƙwayoyi dubu ɗari uku ko fiye a tsawon watanni. Iska tana kwasar su zuwa nesa, feshin ruwan sama yana watsa su daga ganye zuwa ganye, rigunan masu tsinkar ’ya’ya suna ɗaukar su daga gona zuwa gona. Sai dai sauka a kan ganye bai isa ba. Ƙwayar tana buƙatar abu uku su haɗu: ruwa a kwance a bayan ganyen na tsawon wasu sa’o’i, ko na sama ko raɓa, zafi tsakanin digiri 15 zuwa 28 a ma’aunin Salshiyas, mafi dacewa wajen 22, da kuma duhu ko ƙarancin haske, shi ya sa kamuwa ta fi faruwa da dare. Idan waɗannan suka samu sai ta tsiro, ta laluɓi ɗaya daga cikin ƙananan ƙofofin da ganye yake numfashi da su, waɗanda a gahawa suna bayan ganye ne kaɗai, ta shige ciki ta kama tsotsar abinci.

Tsakanin shigarta da fitowar sabon gari akan ɗauki mako uku zuwa shida, gwargwadon yanayi. Wannan tazarar ita ce ke yaudarar manomi. Tabon da ya gani yau kamuwar watan jiya ce, kuma a daidai lokacin da yake kallonsa akwai wasu kamuwar da yawa a cikin ganyen da ba su fito fili ba tukuna.

Tsatsa ba ta taɓa ’ya’yan gahawa kai tsaye, kuma ba kasafai take kashe itace a shekara guda ba. Ɓarnarta ta hanyar zubar da ganye ce. Itacen da ya rasa ganye ba shi da abin da zai ciyar da ’ya’yan da ke jikinsa, sai ya koma cin abincin da ya tara a rassa da saiwa. ’Ya’yan su nuna a gurguje, ƙwayar gahawar ta fito ba nauyi, wasu su baƙe su bushe a kan reshe. Reshen kansa yakan fara mutuwa daga baki yana komawa ciki. A nan ne babbar asarar take, domin gahawa tana yin fure ne a kan reshen da ya tofo a shekarar da ta gabata. Itacen da tsatsa ta yi wa tsirara bana bai fitar da sabon reshe ba, saboda haka baɗi ma ba shi da inda zai ɗauki ’ya’ya. Sau da yawa asarar shekara ta biyu takan fi ta farko.

Akwai kuma wani abu da aka daɗe da tabbatarwa a gonakin gwaji: itacen da ya fi ɗaukar ’ya’ya shi ya fi kamuwa. Shekarar da manomi yake murnar yabanya ita ce shekarar da ya kamata ya fi sa ido.

Daga Silon zuwa Hawai

An fara ba da rahoton cutar a kan gahawar daji kusa da Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka a 1861. Amma inda duniya ta san ta shi ne tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yanzu, a 1869. A lokacin tsibirin yana cikin manyan masu fitar da gahawa a duniya, Turawan mulkin mallaka na Birtaniya sun share dazuzzukan tuddai sun cika su da iri guda, gona na jingine da gona. Cikin shekara ashirin sana’ar ta durƙushe, masu gonakin suka koma noman ganyen shayi, wanda har yau da shi aka san ƙasar. Masanin tsirrai Harry Marshall Ward, wanda aka tura tsibirin a 1880, shi ne ya bi diddigin rayuwar funfunar, ya kuma yi nuni da haɗarin shimfiɗa iri guda a fili mai faɗi ba tare da wani abu da zai tare iska ba.

Daga Silon cutar ta bazu zuwa Indiya da tsibiran Indunusiya a shekarun 1870. A tsibirin Jawa na Indunusiya, ’yan Holan sun rasa yadda za su yi da ita a ƙananan wurare masu ɗumi, sai suka shigo da wata gahawar daban daga Afirka, robusta, wajen shekarar 1900. Nahiyar Amurka ta tsira har tsawon ƙarni guda. A 1970 aka ga cutar a jihar Bahiya ta Brazil, a 1976 ta isa Nikaragwa, a 1983 ta shiga Kolombiya. Hawai, jihar Amurka da ke tsakiyar Tekun Fasifik, wadda ta daɗe tana cikin ’yan wuraren da suka rage, an gano ta a can a watan Oktoban 2020. Yanzu kusan babu ƙasar da ake noman gahawa da cutar ba ta je ba, saboda haka maganar hana ta shigowa ta wuce. Abin da ya rage shi ne yadda za a zauna da ita.

Dalilin da ya sa arabika ta zama mai rauni

Gahawar da ake sha a duniya galibi jinsi biyu ce. Arabika ta fi ƙamshi, ta fi tsada, tana son tuddai masu sanyi, kuma ita ce fiye da rabin abin da ake nomawa. Robusta ta fi ɗaci, tana jure zafi, kuma galibinta tsatsa ba ta yi mata mugun lahani.

Bambancin yana da nasaba da yadda kowacce take haihuwa. Furen robusta ba ya karɓar ƙurar furen itacensa, dole sai ta wani itace, saboda haka kowane ɗan dashe yana fitowa da gado daban da na maƙwabcinsa. Arabika kuwa galibi kanta take yi wa barbara, ’ya’yanta su fito tamkar uwar. Ga kuma tarihi. Asalinta dazuzzukan tuddan kudu maso yammacin Habasha ne, daga can aka kai ta Yaman. Daga Yaman ’yan tsirarun itatuwa ne suka fita: reshe ɗaya ya bi ta Jawa da lambun tsirrai na Amstadam da Faris ya isa nahiyar Amurka, shi ake kira Typica, ɗayan ya bi ta tsibirin da Faransawa suke kira Bourbon, wato Riyuniyon ta yanzu, ya ɗauki sunan tsibirin. Shahararrun ire-iren da suka cika Latin Amurka, irin su Caturra da Catuai da Mundo Novo da Villa Sarchi, duk jikokin waɗannan biyun ne. Funfunar da ta iya shiga ɗaya ta iya shiga dukansu.

Abin da “juriya” take nufi

Masu binciken tsirrai suna bambanta juriya iri biyu, kuma rashin sanin wannan bambanci shi ne tushen ruɗanin.

Ta farko tana rataye ne a kan ƙwayar gado, wato abin da ke ɗauke da halin da itace ya gada daga iyayensa, guda ko ’yan kaɗan. Itacen yana da wani abu kamar mai gadi da ya san fuskar ɓarawo. Da zarar funfunar ta shigo sai ya gane ta, ya kashe ’yan ƙwayoyin ganyen da ke kewaye da ita, ta mutu da yunwa tun ba ta yi gari ba. Irin wannan itace yakan tsaya tsaf babu tabo ko ɗaya a tsakiyar gonar da ta lalace. A gahawa an gano aƙalla irin waɗannan ƙwayoyin gado tara, an laƙaba musu SH1 zuwa SH9. Huɗu daga ciki na arabika ne, SH3 daga wata gahawa mai suna liberika ta zo, sauran daga SH6 zuwa SH9 na robusta ne. Matsalar ita ce cikin biliyoyin ƙwayoyin da funfunar take fitarwa, lokaci-lokaci akan sami wadda ta ɗan sauya kama har mai gadin bai gane ta ba. Idan duk yankin iri guda aka dasa, wannan sabuwar ta sami fili ita kaɗai, cikin ’yan shekaru ta mamaye. Zuwa yanzu an tantance nau’o’in wannan funfuna fiye da 50.

Juriya ta biyu ba ta hana kamuwa, rage mata ƙarfi take yi. Tabo yana fitowa amma ƙarami, yana jinkirin yin gari, garin ba yawa, ganyen ba ya saurin zuba. Ƙwayoyin gado da yawa ne suke haɗuwa su ba da ita, shi ya sa funfunar ba ta iya karya ta da sauyi ɗaya. Ba ta da ban sha’awa a ido kamar ta farko, amma ta fi daɗewa.

Wannan karyewa ba sabon abu ba ne. A Indiya, irin da ake kira Kent ya yi suna da juriya a shekarun 1920, ba a jima ba ya faɗi. Abin da ya sami Lempira maimaici ne na wancan.

Itace ɗaya a tsibirin Timor

Kusan duk arabika mai juriya da ake dasawa a yau tana komawa ga tushe guda. A 1927 aka lura da wani itace a wata gonar arabika a tsibirin Timor da ke kudu maso gabashin Asiya, wanda bincike ya nuna ruwa biyu ne: barbara ta auku tsakanin arabika da robusta ba da hannun kowa ba. Irin wannan haɗi ba ya cika yin albarka, domin arabika tana da sandunan gado, wato ’yan sandunan da ƙwayoyin gado suke jere a kansu, guda 44, robusta tana da 22. Amma wannan itace ya fito da 44, yana haihuwa, yana karɓar barbara da arabika ba wahala, ga kuma juriyar robusta a jikinsa.

A 1955 aka kafa cibiyar binciken tsatsar gahawa a garin Oeiras na ƙasar Fotugal, aka zaɓi wurin don babu gonakin gahawa kusa, ana iya tara kowane nau’in funfunar a gwada ba tare da tsoron ta kuɓuce ba. Can aka kai irin ɗan Timor, aka zaɓi wasu ’yan itatuwa, aka haɗa su da gajerun ire-iren da manoma suka saba da su. Haɗinsa da Caturra ya ba da dangin da ake kira Catimor, wanda Lempira da Costa Rica 95 suke ciki. Haɗinsa da Villa Sarchi ya ba da dangin Sarchimor, inda aka sami Parainema a Honduras, IAPAR 59 da Obatã a Brazil, da Marsellesa a Nikaragwa. A Kenya ma, Ruiru 11 na 1985 da Batian na 2010 suna ɗauke da jinin Timor.

Abin lura a nan shi ne ɗan Timor na asali yana ɗauke da ƙwayoyin juriya da yawa a haɗe. A duk lokacin da aka haɗa shi da arabika aka yi ta zaɓe, tsara bayan tsara, don a sami gajeren itace mai yawan ’ya’ya da ɗanɗano mai kyau, wasu daga cikin ƙwayoyin suna zubewa a hanya. Irin da ya isa hannun manomi yana iya ƙarewa da biyu ko uku kacal. Funfunar kuma ta yi shekara sama da hamsin tana karo da wannan gado ɗaya a nahiyoyi uku.

Kolombiya ta bi wata hanya daban. Cibiyar bincikenta, Cenicafé, ta fara aikin tun ƙarshen shekarun 1960, ta fitar da irin da ta sa wa suna Colombia a 1982, shekara guda kafin cutar ta shigo ƙasar. Abin da ake bai wa manomi a buhu cakuɗe ne na layuka, wato ƙananan ire-ire ’yan gida ɗaya, da dama da suka yi kama a tsayi da lokacin nuna, amma kowanne da irin haɗin juriyarsa. Idan funfunar ta karya layi ɗaya, maƙwabtansa suna tare mata hanya, cibiyar kuma tana cire wanda ya faɗi daga cakuɗen ta sa sabo. A kan wannan tsari aka fitar da Castillo a 2005 da Cenicafé 1 a 2016. Tsarin ya fi daɗewa a tsaye, amma yana buƙatar hukumar da za ta riƙa bibiya da samar da iri ba yankewa, abin da ba kowace ƙasa ke da shi ba.

Hanya ta uku ita ce ’ya’yan haɗin farko, waɗanda ake yi wa laƙabi da F1. Ana haɗa Sarchimor ko Catimor da arabikar Habasha wadda ba ta da kusanci da Typica da Bourbon. Centroamericano, wanda aka fitar a 2010, misali ne. Suna da ƙarfi, suna saurin haihuwa, suna ba da amfani mai yawa, kuma ana samar da su cikin kimanin rabin lokacin da tsohuwar hanya take ci, wadda takan ɗauki shekara 25 zuwa 30. Aibinsu shi ne ba a ajiye irinsu. Wanda ya tsinki ’ya’yansu ya shuka zai sami gona barkatai, wani dogo wani gajere, wani mai juriya wani babu. Dole a sayi dashe daga wurin da ake yaɗa su ta hanyar yankan jiki ko a ɗakin gwaji, kuma ya fi dashen gama-gari tsada nesa ba kusa ba. An samar da wani mai suna Starmaya wanda ake iya yaɗawa ta iri a keɓaɓɓun gonaki don rage wannan tsada, amma shi ma manomi ba zai ɗebi iri daga gonarsa ba.

Annobar 2008 zuwa 2013

Bayan shigar tsatsa Latin Amurka an yi sama da shekara talatin ana zaune da ita ba wani babban tashin hankali. Sai ga shi daga 2008 ta yi wa Kolombiya mummunan kamu. Ƙasar da ta fitar da buhu sama da miliyan 12 a 2007, kowane buhu kilo 60, ta koma ƙasa da miliyan 8. A 2012 annobar ta faɗa wa Amurka ta Tsakiya da Meziko, daga baya Peru da Ekwado. Ƙungiyar Gahawa ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kakar 2012 zuwa 2013 cutar ta taɓa fiye da rabin gonakin Amurka ta Tsakiya, an yi asarar buhu kimanin miliyan 2.7, mutane wajen 374,000 suka rasa aiki. Gwatamala da wasu maƙwabtanta sun ayyana dokar ta-ɓaci.

Zato na farko shi ne sabon nau’i mai tsanani ya bayyana. Binciken da aka yi a Kolombiya bai nuna haka ba, tsohon nau’in da aka sani ne. Abin da ya sauya shi ne yanayi da aljihun manoma. Ta fuskar yanayi, an sami ruwa mai yawa da gajimare a Kolombiya, a Amurka ta Tsakiya kuma dare ya rage sanyi, tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin dare ta ragu. Hakan ya gajarta kwanakin da funfunar take ɗauka kafin ta yi gari, ya kuma ba ta damar hawa tuddan da a da sanyi yake kare su, inda manoma ba su saba feshi ba. Ta fuskar kuɗi, takin zamani ya yi tsada ƙwarai a 2008, farashin arabika kuma ya gangaro daga ƙololuwar da ya kai a 2011 har ya faɗi da fiye da rabi kafin ƙarshen 2013. Manomin da kuɗinsa ya ragu taki da feshi yake fara yankewa. Itatuwan da yawa sun tsufa, galibinsu masu rauni ne. Hukumomin gahawa na ƙasashe da dama kuma sun yi laushi tun bayan rushewar yarjejeniyar ƙayyade fitar da gahawa a 1989, malaman gona sun yi ƙaranci.

Masana sun bambanta a kan wanne ya fi nauyi. Masu jaddada sauyin yanayi suna nuni da yadda cutar ta hau tuddai. Masu jaddada tattalin arziki suna nuni da cewa a ƙauye ɗaya, ƙarƙashin sama ɗaya, gonar da ta sami taki da feshi a kan kari ta tsira, ta kusa da ita ta zube. Hujjojin biyu ba sa karo da juna: yanayi ne ya buɗe ƙofar, talauci ya hana a rufe ta.

Feshi da kulawa: inda ake yawan kuskure

Matakin farko ƙidaya ce. Ana zagaya gona duk wata a lokacin damina, a zaɓi itatuwa talatin ko fiye a warwatse, a kama reshe mai ’ya’ya daga tsakiyar kowanne, a ƙirga duka ganyensa da waɗanda suke da tabo. A Brazil da wasu ƙasashe ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 a matsayin iyakar da bai kamata a bari a wuce ba kafin a ɗauki mataki.

Magungunan kashi biyu ne. Na tagulla riga-kafi ne kawai: suna zama a fatar ganye su kashe ƙwayar kafin ta shiga, ba sa taɓa wadda ta riga ta shige. Mafi tsufa a cikinsu shi ne haɗin Bodo, wanda har yanzu ake amfani da shi a Indiya: kilo ɗaya na gishirin tagulla mai launin shuɗi, kilo ɗaya na farar ƙasa, a ruwa lita 200. Ana narkar da kowanne daban a mazubin roba ko na katako, ban da na ƙarfe, sannan a haɗa ana motsawa. A tsoma wuƙa mai tsabta a ciki. Idan ta fito da ja-ja a jikinta, haɗin zai ƙona ganye, sai a ƙara farar ƙasa. A ranar da aka haɗa ake fesa shi. Ruwan sama yana wanke maganin tagulla, sabon ganye kuma yana fitowa ba kariya, saboda haka akan maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Yawan amfani da shi shekara da shekaru yana tara tagulla a ƙasa.

Kashi na biyu masu ratsa ganye ne, irin dangin tirayazol da sitirobilurin. Suna iya tsayar da kamuwar da ba ta daɗe ba, suna kuma ɗaukar wata ɗaya da rabi zuwa biyu suna aiki. Sun fi tsada, ba a yarda da su a noman da ba ya amfani da sinadarai ba, kuma ƙasashen da ke sayen gahawa suna da iyakar ragowar magani da suke karɓa. Dogara da guda ɗaya kullum yana iya sa funfunar ta saba da shi, don haka ake sauyawa ko a gauraya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jinkiri. Manomi yana jira sai gona ta yi ruwan goro sannan ya sayi magani, alhali a lokacin ganyen ya riga ya tafi. Feshin farko yana dacewa da farkon damina, ko kimanin wata biyu bayan babban fure. Kuskure na biyu shi ne fesa saman ganye, wurin da funfunar ba ta shiga ta nan. Dole a karkata bakin injin feshi sama, daga ƙasan itace, a jiƙa bayan ganyen har na cikin duhuwa. Bayan haka akwai taki, musamman a shekarar da itace ya ɗauki ’ya’ya da yawa, da rage rassa don iska ta ratsa ganye ya bushe da wuri, da datse tsofaffin itatuwa su sake tofowa. Duk wannan ya shafi iri mai juriya ma. Wanda ya dasa shi ya daina dubawa ba zai san ranar da juriyar ta karye ba sai ganye ya fara zuba.

Ɗanɗano, inuwa da robusta

Masu sayen gahawa mai daraja sun daɗe suna ƙorafin cewa jinin robusta yana rage ɗanɗano, kuma wasu Catimor na farko, musamman waɗanda aka noma a ƙananan wurare, sun ba su hujja. Masu samar da iri suna amsawa da cewa an yi shekaru ana tacewa. Gwajin ɗanɗano da aka yi a Kolombiya ba tare da masu ɗanɗanawa sun san wanne ne wanne ba bai nuna tazara mai yawa tsakanin Castillo da Caturra ba, kuma a 2017 Parainema ya zo na ɗaya a gasar ingancin gahawa ta Honduras. Duk da haka kasuwa tana biyan ƙarin kuɗi a kan sunayen da ta saba da su, irin su Bourbon da Geisha. Manomin da yake da irin wannan mai saye, yana kuma da halin feshi, yana da dalilin riƙe tsohon iri. Wanda yake sayarwa a farashin gama-gari ba shi da shi.

Batun inuwa ya fi sarƙaƙiya. Manyan bishiyoyi a gonar gahawa suna rage yawan ’ya’yan da itace yake ɗauka, suna tare iska, suna ba da mafaka ga maƙiyan tsatsa, kamar wata farar funfuna da ke cin garinta da tsutsar wani ƙaramin ƙuda. A ɗaya ɓangaren, suna sa ganye ya daɗe a jiƙe, suna rage zafin rana da ke kashe ƙwayoyin, suna kuma hana ruwan sama mai ƙarfi wanke su zuwa ƙasa. Sakamakon gwaje-gwaje ya bambanta daga wuri zuwa wuri, gwargwadon irin bishiyar da yawan ruwa. Ga kuma wata cutar tabon ganye da ake kira idon zakara, wadda take son inuwa da laima, kuma Catimor da yawa suna da rauni a kanta. Mai gudun tsatsa a wuri mai sanyi da danshi yana iya faɗawa hannunta.

Wasu suna ganin a ƙananan wurare masu ɗumi mafita ita ce a koma robusta kacokan, kamar yadda aka yi a Jawa. Masu adawa suna cewa kuɗinta bai kai na arabika ba, kuma ƙaramin manomi a kan tudu ba zai iya gogayya da manyan gonakin Biyetnam da Brazil ba.

Wa yake ɗaukar nauyin

Akasarin gonakin gahawa a duniya ƙanana ne, ba su kai hekta biyar ba. Ga mai irin wannan gona, sauya iri yana nufin kuɗin dashe da taki da ƙwadago, da kimanin shekara uku babu abin sayarwa daga wurin da aka tuge. Shi ya sa malaman gona suke ba da shawarar a riƙa sabuntawa kashi-kashi, a fara da ɓangaren da ya fi tsufa, kada kuma a cika gona da iri guda. Tushen dashen ma abin dubawa ne, domin a wuraren reno da ba a tantance ba akan sayar da cakuɗaɗɗen iri da sunan mai juriya, kuma sai bayan shekaru gaskiya take fitowa, lokacin da bashi ya riga ya hau.

Masu tsinkar ’ya’ya sun fi kowa saurin jin jiki. Ana biyansu ne gwargwadon abin da suka tsinka, ba su da gonar da za su jingina, kuma shirye-shiryen tallafi galibi masu gona suke nufa. Bayan 2012 iyalai da dama a Gwatamala da Honduras da El Salbado sun shiga ƙarancin abinci, wasu suka bar ƙauyukansu zuwa birane ko ƙetare. Mai shan gahawa a wata nahiya kuwa da ƙyar ya ji a aljihunsa, domin amfanin Brazil ya cike giɓin, farashi ma sauka ya yi. Manoman yankin sun haɗu da ƙarancin amfani da faɗuwar farashi a lokaci guda.

Kolombiya ta farfaɗo ne saboda irin yana nan a shirye, ƙungiyar manoman gahawa ta ƙasar tana da malaman gona a ƙauyuka, an kuma ba da bashi mai rangwame don sabunta gonaki. A 2015 ta kai buhu miliyan 14, kuma yanzu sama da kashi 80 cikin 100 na gonakinta iri mai juriya ne. A ƙasashen da aka raba dashe kawai ba tare da bashi da bibiya ba, farfaɗowar ta yi jinkiri.

Aikin da masu bincike suka sa a gaba yanzu shi ne faɗaɗa tushen. Ana ƙoƙarin tara SH3 na liberika da ƙwayoyin Timor a itace ɗaya, ana amfani da gwajin ƙwayoyin gado don gane ɗan dashen da ya gaji duka tun yana ƙarami, ana komawa ga arabikar dajin Habasha da aka tattara a shekarun 1960 aka adana a cibiyar CATIE ta Kosta Rika, ana kuma ba juriya mai rage ƙarfin cuta muhimmancin da ba a ba ta a da ba. Ƙungiyar World Coffee Research, wadda aka kafa a 2012, tana gwada ire-ire iri ɗaya a ƙasashe da dama don a ga inda kowanne yake tsayawa da inda yake faɗuwa. Itacen gahawa yakan yi shekara ashirin zuwa talatin a gona, sabon iri kuma yana cin shekara goma zuwa talatin kafin ya fito, saboda haka irin da za a dasa idan Sarchimor na yau suka bi sahun Lempira, sai dai a ce an riga an haɗa shi yana gonar gwaji.